Ranar da Aka Sauke wa Dattijo Amawali

Na yi shekaru masu yawa ina sana'ar ɗaukar hoto a Agadas. Fuskokin da suka zauna a gaban akwatina Allah kaɗai ya san iyakarsu, kuma mafi yawansu sun ɓace mini kamar ban taɓa ganinsu ba. Amma akwai fuska ɗaya, da abin da ya same ta a kan idona, wadda ko zan manta da unguwar da aka haife ni, ita kam ba zan manta da ita ba. Har yau da furfura ta gama cinye kaina, idan abin ya faɗo mini a rai sai zama ya gagare ni, in tashi in yi ta kai da kawo a tsakar gida ba tare da na san abin da nake nema ba.

Ni mutumin Damagaram ne, neman abinci ya kawo ni Agadas ina saurayi. A hannun wani mutumin Dahome na koyi hoto, da ya tashi komawa gida ya bar mini akwatinsa. Akwati ne na katako mai ƙafa uku, da baƙin ƙyalle da ake lulluɓa a kai, kuma a cikinsa ake wanke hoton nan take. Na farko yakan fito a juye, fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari, sai an sake ɗaukarsa kafin a sami na ƙwarai. A bakin kasuwa nake kafa shi, in rataya zane a jikin bango, in ajiye benci. Masu zuwa wurina ƴan lakwal ne, wato ƴan makaranta, da direbobi masu neman takardar tuƙi, sai amarya da ango jefi-jefi. Abzinawan daji kuwa sai dai su tsaya daga nesa su kalli akwatin, su ƙara jan amawali su rufe hanci, su wuce. A lokacin ɗauka nake duhun kai ne, ko suna tsoron akwai aljani a ciki. Ban taɓa tambayar ko ɗaya daga cikinsu ba.

Shekarar da nake ba ku labari ita ce wadda fari ya kai mu maƙura, soja kuma suka karɓi mulki. Damina ta yi ta zuwa tana wucewa ba ruwan kirki, rijiyoyi suka ƙafe, dabbobi suka yi ta zubewa a hanya har ungulu ta ƙoshi ta bar saura. Mutanen daji suka riƙa shigowa gari iyali-iyali, suna kafa rumfunan tabarma a bayan gari. A kasuwa sai ka ga mutumin da a da yake da garken raƙuma ya shimfiɗa takobinsa da sirdinsa da azurfar matarsa a ƙasa, yana neman wanda zai ba shi gero. Mu ƴan gari ma ba wani daɗi muke ji ba, amma muna da bango da ƙofa, yunwarmu a ɓoye take.

Sojan da suka zo sun ce a baya an yi ta sace abincin taimako, su ba za su yarda ba. Sai kumandan sojan garin ya kafa doka cewa kowane maigida sai ya yi karti mai hoto kafin a ba shi jar dawar da ake kawowa a kamyo, manyan motocin kaya. Wata safiya wani sarjan ya tsaya a kaina ya ce in naɗe zanena in ɗauki akwati in bi shi. A wancan zamani idan mai kaki ya ce ka bi shi, ba ka tambayar ina. A jikin bangon mangaza, babban ɗakin ajiyar da ake rabon hatsi, aka kafa ni, layi ya miƙe har ban ga ƙarshensa ba.

Sarjan ɗin mutumin kudu ne, kuma don in faɗi gaskiya ba mugu ba ne. Gajiya ce ta yi masa yawa, idanunsa sun yi ja, muryarsa ta dishe. Duk wanda ya zauna a benci sai ya ce, “Fuska a waje!” Samari sukan ja amawali ƙasa da sauri, su runtse ido kamar masu shan magani mai ɗaci, ina gamawa su mayar. Haka muka yi ta yi har rana ta take, sai layi ya zo kan wani dattijo dogo, siriri, mai rawanin turkuɗi da ya koɗe. Na san shi da gani. Madugu ne, shekara da shekaru yana shigowa kasuwa da ayarin gishiri, kuma idan ya sauka manyan ƴan kasuwa ne suke tashi su tarye shi. Ya zauna a benci ya miƙe baya, idanunsa kaɗai ake gani.

“Baba, sauke rawani,” in ji sarjan.

“Ga idanuna nan. A ɗauke su.”

“Ba ido muke so ba, fuska muke so. Sauke, mutane na jira.”

Dattijon ya waiwaya ya dubi layin. A bayansa akwai surukansa, akwai samarin da suka koyi hanya a bayan raƙuminsa. Ya juyo ya ce, “Wannan ba zai sauka a nan ba.”

“To babu karti. Babu karti kuwa, babu dawa. Na gaba!”

Ya tashi, ya kakkaɓe rigarsa, ya yi mini sallama kamar mun gama wani ciniki, ya tafi. A gefen layin na ga wata mata ta tashi ta bi shi, da yaro goye a bayanta wanda kansa yake lilo, wata ƴar ƙarama kuma tana riƙe da gefen zanenta. Ranar na ƙarasa aikin, amma hotuna da yawa sai da na sake su.

Bayan ƴan kwanaki mai ɗakina ta gaya mini cewa wata Ba'abzina tana zuwa ƙofar gidanmu da safe, ba ta roƙo, sai dai ta tambaya ko akwai daka ko wanki. Da ta bugi cikinta sai ta gano ƴar madugun nan ce. Mijinta ya tafi arewa neman aiki tun bara, babu labarinsa, kuma an ce ba za a yi mata karti ba tunda mahaifinta na raye, shi ne maigida. Mai ɗakina ta ce, “Malam, yaron nan da ke bayanta ba zai kai damina ba. Kai ne mai akwatin, ka san yadda za ka yi.” Na ce mata ni ba ni na kafa doka ba. Ta ce ta sani, ta ci gaba da tankaɗe. Na fita, na dawo, na sake fita. Da la'asar na tsinci kaina a bayan gari ina tambayar rumfar madugu.

Na same shi zaune a inuwar tabarma ɗaya da aka ɗaga da sanduna. Muka gaisa doguwar gaisuwa irin tasu, ya tambayi gida da gajiya da zafi. Sannan ya ce, “Ka zo gidan da babu shayi. Ka yi haƙuri da mu.” Na ga wannan maganar ta fi yi masa nauyi fiye da yunwar kanta.

Na fara yi masa bayani cewa babu komai a cikin akwatin sai gilashi da takarda da ruwan magani, ba ya cutar da kowa. Ya bar ni na gama, sai na ga idanunsa sun ƙanƙance, alamar murmushi a bayan rawani.

“Mai hoto, kana tsammanin tsoron akwatinka nake ji? Na ratsa hamadar Tenere babu ruwa a salka, akwatin katako ne zai firgita ni?”

“To mene ne, Baba?”

“Tun ranar da aka naɗa mini rawani ina saurayi, bakina bai fita a gaban surukaina ba. Abin da wando yake a wurinku, shi wannan yake a wurinmu. Wannan ɗaya ke nan.” Ya shiga zane a rairayi da yatsa. “Na biyu kuma, wanda ya gan ni yau da yunwa, gobe idan Allah ya kawo ruwa zai gan ni a kan raƙumi, na yau ɗin ya goge a ransa. Takardarka fa? Takarda ba ta sanin an yi ruwa. Yadda ta kama ni haka za ta riƙe ni, ta je inda ban je ba, ta zauna a hannun mutanen da ban yi wa sallama ba.”

Shekaru ina wannan sana'a, ban taɓa tunanin inda hoto yake zuwa bayan ya bar hannuna ba. Muna zaune sai yaron ya yi kuka daga bayan tabarma, irin kukan da babu murya a cikinsa, sai iska. Dattijon bai waiwaya ba, amma yatsansa ya tsaya cak a cikin rairayi.

Na ce, “Baba, ka zo gidana. Zan fitar da kowa, daga ni sai kai. Magatakarda ɗaya ne zai liƙa hoton a karti, daga nan ya shiga aljihunka. Babu wanda zai gani.”

“Ka tabbata?”

Na ce na tabbata. Allah ya sani da zuciya ɗaya na faɗa.

Washegari da hantsi ya zo. Mai ɗakina ta kwashe yara suka shiga maƙwabta, na kafa akwati a tsakar gida inda rana take sauka, na sa sakata a ƙofa. Kafin ya taɓa rawaninsa na riga na shige cikin baƙin ƙyalle, don haka ban dube shi da ido ba, ta gilashi na gan shi, a kife kamar yadda akwatin yake nuna kowa. Kumatunsa sun faɗa, shuni ya rina masa haɓa, leɓɓansa sun tsattsage. Na buɗe idon akwatin, na rufe, na ce an gama, kuma ban fito daga ƙyallen ba sai da na ji ya ce to.

Da hoton ya bushe na miƙa masa. Ya daɗe yana kallonsa. Can ya ce a hankali, “Ashe haka na koma.” Sannan ya nuna na farkon, mai fitowa a juye, ya ce wannan fa? Na ce da shi ake iya sake buga wani. Ya karɓa ya nufi murhu, ya tura shi cikin garwashin da ya rage na kunun safe, ya tsaya har ya zama toka. Da kaina na kai hoton wurin magatakarda, aka buga hatimi, na kawo masa kartinsa. Ranar har wani sanyi na ji a raina, ina ganin na yi dabarar da ta fid da kowa kunya.

A kwanakin nan akwai wani Nasara da ya zo tare da kamyon hatsi, ɗan jarida, yana da takardar izini daga babban birni ta ɗaukar hoton rabon abinci. Saurayi ne, rana ta ƙona masa wuya da kunnuwa, ƙaramar kamara tana rataye a ƙirjinsa. Da yake ina ɗan jin Faransanci yakan zo ya tsaya wurina, yana mamakin akwatina, ina mamakin tasa. Na taɓa ganinsa ya juya baya yana share ido bayan ya fito daga rumfar da ake auna yara. Ba na so ku ɗauka shaiɗani ne.

Ranar rabo ta zo. Zafi kamar a gasa gurasa a ƙasa, mutane sun cika filin, ƙurar dawa tana shiga maƙogwaro. Tun safe sarjan ya kama mutum biyu da kartin da ba nasu ba, ransa a ɓace yake. Ina gefe ina ɗaukar waɗanda suka makara, sai na hango dattijon ya iso gaban tebur ya miƙa kartinsa. Sarjan ya dubi hoton, ya ɗaga kai ya dubi rawani. Ya sake duban hoton. Sai a lokacin na ga abin da ya kamata in gani tun a bayan gari. Hoton fuska ba shi da amfani sai an gwada shi da fuska.

“Ta yaya zan san kai ne?” in ji sarjan.

Na bar akwatina na ruga. “Sarjan, shi ne wallahi. Ni na ɗauke shi da hannuna.”

“Kai an tambaye ka? Koma wurin aikinka.” Ya juya ga dattijon. “Buɗe in gani.”

“Mu koma bayan bango, ni da kai,” in ji dattijon.

“Duk mutanen nan sai in riƙa zagayawa da su bayan bango ɗaya-ɗaya? Sai yaushe za mu gama?”

Bai jira amsa ba. Ya miƙa hannu ta saman tebur ya finciko amawalin ƙasa. Ƙyallen ya tsufa, sai ya warware gaba ɗaya ya zubo a kafaɗar tsohon.

Abin da ya biyo baya ban taɓa ganin irinsa ba. Filin nan da ke ta hayaniya ya yi tsit. Mazan da ke layi, tsofaffi da samari, suka juya baya kamar an ba su umarni. Mata suka ja mayafi suka rufe ido. Mutum ya kai ɗari a wurin da yunwa a cikinsa, amma babu wanda ya yarda ya kalli bakin madugu. Ni ma na sunkuyar da kai. A cikin wannan shirun ne na ji wata ƴar ƙara, ƙyas, wadda kunnen mai hoto ba ya kuskure ta. Na ɗaga ido, ga Nasara a durƙushe a gefen kamyo, kamara a fuskarsa.

Sarjan bai ji ba, don ya ba Nasaran baya. Shi kansa jikinsa ya yi sanyi, ya tura kartin ya ce da ƙaramar murya, “Shi ne. A ba shi.” Dattijon ya mayar da rawaninsa a hankali, naɗi bayan naɗi, bai yi gaggawa ba. Ko kallon buhun bai yi ba, ƴarsa ce ta zo ta ja shi. Ya tako har inda nake.

“Mai jan kunnen can, me ya yi?”

Na so in yi ƙarya, bakina ya ƙi. Na ce, “Ya ɗauka, Baba.”

Sai wata dabara ta zo mini. Na san izinin da aka ba Nasaran bai kai ga ɗaukar soja yana fincikar tsoho ba. Kalma ɗaya zan faɗa wa sarjan a ƙwace kamarar, a zare fim ɗin, wataƙila a kwana da shi a bariki. Na raɗa wa dattijon haka. Ya dube ni ya ce, “In kai ƙara wurin wanda ya tuɓe ni? Su kuma su wanke hoton su yi ta miƙa wa juna? A'a. Kai ni wurin mai ita.”

Bayan la'asar muka same shi a masaukinsa, yana zaune a ƙarƙashin bishiya yana rubutu. Ya tashi da sauri ya kawo kujeru, dattijon ya ƙi zama. Ni ne tafinta, kuma ban taɓa yin aikin da ya jiƙa ni da gumi kamar wannan ba.

“Ka ce masa ya ɗauki abin da ban ba shi ba. Na zo karɓa.”

Na faɗa. Nasaran ya ce ya yi baƙin ciki da abin da aka yi wa tsohon, kuma don haka ma ya ɗauka, don duniya ta ga yadda ake wulaƙanta mutane a kan abinci. Ya ce dawar nan da ke cikin mangaza ba haka kawai ta taso daga ƙasashensu ba, hotuna ne mutane suka gani hankalinsu ya tashi. Ya ce hoto ɗaya irin wannan zai iya kawo kamyo da yawa, ya ceci yara irin jikansa. Ina fassarawa ina jin maganar tana shiga ta, don ƴaƴana ma jar dawar nan suke ci.

Dattijon ya saurara har ƙarshe. Ya ce, “Ka ce masa na gode da dawa. Amma da ya tambaye ni, da na nuna masa ramin da raƙumana suka mutu, ya ɗauki ƙasusuwa har ya gaji. Me ya hana shi tambaya?”

Nasaran ya ce abin ya faru ne cikin ƙiftawar ido, babu lokacin tambaya.

“Mutanen da suka juya baya fa, su ina suka sami lokaci?”

Da na mayar masa da wannan, sai jan kunnensa ya ƙaru. Can ya ce yana iya ɗaukarsa wani hoton mai kyau, da rawaninsa da takobinsa, a kan raƙumi, don a ga ko shi wane ne.

“Raƙumin wa?” in ji dattijon. Sannan ya ƙara da cewa, “Ka ce masa gobe ya zo gaban layi ya tuɓe wandonsa, kai ka ɗauke shi da akwatinka, a ba ni takardar in aika garin surukansa. Idan ya yarda, ni ma na yarda, ya riƙe tawa.”

Na tsaya ina inda-inda. Ya ce, “Faɗa masa yadda na faɗa, kada ka sa mata zuma.” Na faɗa. Ina jiran Nasaran ya yi fushi ko ya yi dariya, bai yi ko ɗaya ba. Ya zauna a kujera ya riƙe kansa. Da ya ɗago sai ya ce ba zai iya zare fim ɗin a nan ba, don akwai aikin kwanaki a cikinsa, hotunan yara da rijiyoyi da ake jira. Amma ya ɗora hannu a ƙirji ya yi alkawari cewa idan ya koma gida ya wanke, zai yanke wannan ɗin ya ƙone shi, babu jaridar da za ta gan shi.

“Wa zai shaida?”

Nasaran ya ce babu kowa, sai dai a yarda da shi.

Dattijon ya daɗe yana kallon ƙaramar kamarar da ke kan tebur. Na san idan ya kai hannu ya fasa ta, mu duka a bariki za mu kwana. Bai taɓa ta ba. Ya ce, “To ka ce masa akwai mai gani. Na bar shi da shi.” Ya juya muka fito. Da kamyon da ya koma kudu washegari Nasaran ya tafi, ban sake ganinsa ba.

Labarin abin da ya faru a filin rabo ya zaga gari. Dattawan unguwanni da limamai suka je wurin kumandan, ban san abin da suka tattauna ba, amma a rabo na gaba sai ga shingen tabarma an kafa a gefen tebur, mai rawani ya shiga shi da soja ɗaya su fito. Aka kuma yarda matan da mazansu suka yi nisa su yi karti da sunansu, ƴar dattijon ta yi nata. Yaron da ke bayanta ya kai damina, har ya wuce ta. Shi kuwa madugu bai sake taka filin nan ba.

Da ruwan farko ya sauka ya biyo ta bakin kasuwa, zai tafi Timiya inda yake da dangi masu lambu. Na bar mutum zaune a benci na bi shi, na ce ya yafe mini, ni na ja shi cikin wannan abu. Ya ce, “Kai ka tambaye ni, da ƙafata kuma na zo gidanka. Ba ɗaya kuke da wancan ba. Sai dai ka yi mini alkawarin abin da ba a hannunka yake ba. Kada ka sake yi wa wani.” Ya ba ni hannu, ya tafi. Daga baya na ji an ce ya rasu a can cikin duwatsu, a tsakiyar danginsa.

Ko Nasaran ya cika alkawari? Wallahi ban sani ba, kuma rashin sanin nan shi ne ya hana ni sakat. Da fari ya wuce, masu yawon buɗe ido suka fara cika gari, duk mujallar da ta faɗo hannuna sai na buɗe ta shafi-shafi. Ban taɓa ganinsa ba, amma mujallu nawa ne suke isowa Agadas? Na dai ga wasu. Wata rana a takardar da aka ƙunso mini ƙusoshi na ga wata mata da na sani, ƙirjinta a buɗe, ƙashin haƙarƙarinta a waje, tana riƙe da jariri. A lokacin tana nan cikin kasuwa da rumfarta ta kayan fata, ta yi ƙiba, tana aurar da ƴaƴa. Na ninke takardar na sa a wuta, ban gaya mata ba. Kuma har gobe ba zan iya rantsewa cewa hotonta bai ciyar da wani ba. Wannan lissafin ya fi ƙarfina.

Abin da na iya ɗauka daga ciki shi ne, fuskar mutum tasa ce, yunwa ba ta mayar da ita kayan kowa. Lokacin da mutum ya faɗi, ba shi da ƙarfin hana ka, a lokacin ne ya fi cancanta a tsaya a nemi izininsa, a kuma gaya masa gaskiyar inda hoton zai je, idan ba a sani ba a ce ba a sani ba. Idan ya ce a'a, yana da dalilinsa ko da bai faɗa maka ba. Yanzu kowa da kamara a aljihunsa, haɗari ya faru ko wani ya faɗi a titi sai ka ga hannuwa sun tashi sama. Nakan ce wa jikokina, idan kuka ga asirin mutum ya tonu a gabanku, in za ku iya taimako ku taimaka, in ba za ku iya ba ku kau da kai har ya gama suturta kansa.